Danshi a Ɗakin Jaririna

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ya dawo. Danshin nan ya dawo, a bangon ɗakin jariri, daga ƙasan taga har kusurwa. Na ɗora hannu na ji sanyi kamar cikin firij. Da rani ne fa bututun Kawu Milorad na samanmu ya fashe, inshora suka biya, Borko mai famfo ya gyara, muka yi fenti ruwan ƙwai. Yanzu ga baƙin tabo yana leƙowa. Cikina wata takwas. Ina zan kwantar da ɗana in ya zo?

Na tura wa Vukan hoton tabon, yana hanyar Jamus da tirelarsa. Abin da mijin nawa ya turo, fuskar nan mai zaro ido. Shi ke nan.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na kira inshora. Sai da suka kunna min kiɗa har jaririn ya fara rawa a ciki, sannan wata mai muryar zuma ta ɗauka. Wai, "Madam, kuna buɗe taga kuwa?" Na ce baiwar Allah, a Nuwamba? Da tsohon ciki? Sai na ji tana buga wani abu a kwamfuta. Me ta rubuta?

Na saka a guruf ɗinmu na masu ciki. Wata Biljana ta ce tarko ne, haka suka yi wa yayarta, in ka ce a'a sai su ce laifinka ne. Kash. Ni da bakina.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Borko ya zo, ya ƙwanƙwasa bango, ya shanye kofi, ya cinye kek ɗin surukata Mama Desanka, ya ce, "Ƙanwata, aikina ba ya yoyo. In ya yi yoyo ki aske min gashin baki." Amma ko sau ɗaya bai kalli idona ba. Kuma da zai fita na ji ya hau sama wurin Kawu Milorad, har ina jiyo dariyarsu. Dariyar me?

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Gangar kabejin Kawu! Na san ya jiƙa kabejin hunturu a ruwan gishiri a banɗakinsa, warin har matakala, ƙila ita ce ke yoyo. Na hau da kyar ina haki, na ce ya nuna min. Ya ce, "'Yar nan, kabejina ne zai ratsa siminti ya juya kwana ya shiga ɗakin yaro? Ko taswira na ba shi?" Na ce masa magana mara daɗi. Tsohon da ke ɗaukar min kaya in na dawo kasuwa. Ban so ba, amma dai ban yarda da gangar nan ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Funfuna ta kama bayan gadon jaririn. Na karanta a waya abin da take yi wa ƙirjin yara. Da ban karanta ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Mutumin inshora ya zo, wani dogo mai tabarau, da na'ura kamar waya mai ƙahonni biyu. Ya hau sama ya sauko, ya ce bututu a bushe yake ƙayau. Na ce a raina, an sha kofi da Borko ke nan.

Da ya shiga ɗakin jariri, nan take tabaraunsa ya yi hazo. Ya cire yana gogewa yana kallon kayan jarirai da muka shanya. Eh, da yawa, duk matan benen nan sun kawo na 'ya'yansu, ni da Mama kullum cikin wanki muke, a nan muke shanyawa saboda ya fi ɗumi. Ya taɓa salatif ɗin da muka liƙe gefen taga da shi. Sannan ya hau kujera ya cire murfin ramin iskar da ke saman ƙofa, ya zaro tsohuwar rigar sanyin Vukan, a jiƙe sharkaf.

Surukata ko gezau. Ta ce, "Ni na cusa. Promaya ce ke shigowa ta nan, muguwar iskar nan mai ratsa ɗaki." Ya ce, "Inna, ɗaki ma numfashi yake so." Ta ce, "Ɗana, iskar da ta shiga ta nan ta fita ta can ita ta karkace wa ƙanina baki ranar aurensa. Kai uwarka a bakin taga ta raine ka?" Ya yi murmushi ya ce a'a, ita ma har yau hula take bin sa da ita. Amma ya rubuta abin da ya rubuta.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Ba za su biya ba. Wai ba yoyo ba ne, gumin ɗaki ne.

Na yi kuka. Abin haushin shi ne ni na riƙe wa Mama kujerar ranar da ta cusa rigar, har da na gode Mama. To ai kowa ya san promaya. Kakata ma...

Vukan ya kira, wai in buɗe taga kawai. Na ce zo ka faɗa wa uwarka da bakinka. Sai layi ya fara "katsewa". Ƙarya ne, na san muryar katsewar gaske.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Biljana ta ce in kai su ƙara. Wata kuma ta ce ƙanwarta a Austiriya kullum tana wangale taga safe da yamma, yaranta garau. An fitar da ita daga guruf. Na ajiye lambarta dai, ba don komai ba.

Na goge bangon da ruwan tsami. Shanya ta koma baranda, Mama tana ta ƙunƙuni wai kayan za su sha sanyi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ba wai na yarda da mutumin inshora ba ne. Har gobe ina ganin da wata a ƙasa. Kawai dai in Mama ta tafi kasuwa ina sa hula da safa biyu, in shiga in buɗe tagar, in gudu kicin in rufo ƙofa. Gwaji ne.

Bangon ya daina sanyin nan. Ƙila zuwan rana ne.

Bakina bai karkace ba, na duba a kyamara.

Na kai wa Kawu miyar wake, ya karɓa ya ce, "Ki gaida bangon." Tsohon banza. Ya ba ni kabeji ɗaya.

Abin da ke damuna yanzu Mama ce. Matar da ke zuwa kasuwa ta dawo kafin ruwan kofi ya tafasa, kwanan nan sai ta daɗe. Kuma in ta iso matakala sai ta tsaya ta yi ta tari da ƙarfi, ta yi ta laluben makulli, makullin da ke rataye a wuyanta. Yau ta shigo ta wuce ɗakin jariri, ta daɗe a tsaye. Ta fito ta naɗa min gyalenta a wuya har ina shaƙewa.

Ina zarginta. Kamar ta san da maganar tagar nan.