Allurar da Aka Hana Inna

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Kin san kunnena ya yi nauyi, waya ba ta yi mini, shi ya sa na ba malamar jinya wannan takarda. Kwana biyu Innarki na kwance a gado na shida, zazzaɓi ya ƙi sauka. Ƙaramin likita ya rubuta mata babbar allurar nan, ɗakin magani suka ce sai an jira gwaji. Na tambayi wa ya hana, aka ce shugabar ɗakin, wato ke. Kunya ta hana ni cewa a hannuna ta tashi. Me muka yi miki?

Kawunki.

Kawu,

Ina gaisuwa cikin ladabi. Ni na dakatar da ita, kuma raina bai so ba. Allurar na cikin magunguna tara da muke kullewa a kabad. Ba ta fita sai babban likita ya sa hannu, gwaji kuma ya nuna ita ce ta dace. Da can kowa ya nema ana ba shi, har ƙwayoyin cuta suka saba da ita. Watan jiya ina tsaye wata mai jego ta cika, duk abin da muka gwada ya ƙi ci.

Ba a bar Inna haka ba, an ɗora ta kan wani maganin. Amma babban likita na son sanin abin da ta sha a gida. Mun tambaye ta, ta ce ba komai, ta kawar da kai.

Ka yafe mini. 'Yarka.

'Yata,

Ina gaishe ki. Na karanta sau uku. Innarki asirina ta rufa. Shekara uku ke nan, in jikinta ya yi zafi sai in sayo kafso a kemis, ta sha kwana biyu, da ta ji dama mu ajiye sauran. Wancan makon da zazzaɓin ya ƙi ji, na sa mai kemis ya yi mata wannan allurar da nake miki faɗa a kai, sau biyu. Ni a ganina kulawa nake yi. Ga kwalayen nan a leda, ki nuna wa likita. Ki faɗa mini gaskiya, ni na jawo mata?

Allah ya yi miki albarka. Kawunki.

Kawu,

Barka da yamma. Gwaji ya fito: allurar ba za ta yi mata amfani ba. Kwalayen sun taimaka, an sauya magani, yau da safe zazzaɓin ya fara sauka. Tambayarka kuwa ba ta takarda ba ce, sai mun zauna.

Inna ta ce ka taho mata da mataji da zanenta shuɗi. Kuma wai ka daina tsayawa a bakin ƙofa, tana ganin takalmanka. Ka shigo.

A huta lafiya. 'Yarka.