Allin Kaɗi a Yatsun Takwararki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci.

Inna, ran Asabar muka hau motar Ƙaraye ni da takwararki Ummi, muka je kallon wani ƙauye da aka gina don tuna zaman da. Ba mai kwana cikinsa. Ga rumbu, ga dangar kara, ga turmi sabo fil, ko ƙurar gero babu. Dutsen niƙa kuwa har da igiya aka kewaye shi, wai kar a taɓa! Na ce oh, abin da ya cinye miki gwiwa yau shi ne ɗan gata.

A wata bukka aka ajiye mazari da auduga a kan faifai. Ummi ta ɗauka abin wasa ne. Jikarki fa, jinin garinki Zoza, ba ta san mazari ba.

Kin san ba mu da ko zare ɗaya naki. Wanda kika yi shekaru kina tarawa, kin kai wa masaƙi da kanki, da shi muka suturta ki. Abin da ya rage sai wanda ke yatsuna, in ma akwai.

Na roƙi mai gadi ya bar ni na gwada. Na murza, zare ya tsinke. Na sake, mazarin ya zame. Wallahi tsoro ya kama ni, na ce shi ke nan, kaɗinki ya bi ki.

Sai a mota muna komawa na tuna babu alli. Masu wurin sun jera komai ban da shi, tunda ba abin kallo ba ne. Ke kuwa ƙashi kike ƙonawa a murhu, ki dangwali farin da yatsa kafin ki murza. Kina cewa, "Hannu ba ya mantuwa, sai dai mai shi ya yi ƙyuya."

Jiya na aro mazari, na ƙona ƙashi. Zaren ya fito, nan kauri can siriri, da kin gani da kin ce igiyar ɗaure akuya ce. Amma bai tsinke ba.

Ummi ta karɓa ta gwada. Da ta share gumi, alli ya yi mata fari a goshi, daidai inda naki yake zama. Na shige ɗaki na yi kukana, Innata.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a Aljanna.

'Yarki mai kewarki,
Hajara, Rogo Sabon Gari