Haƙorin Ladan da Buhunan Wake

Litinin, 3 ga Nuwamba 2025

Sabon wake ya fara shigowa, fari tas, manyan ƙwaya. Duk buhun da aka sauke a zaure sai da na ciji ƙwaya ɗaya, yadda Baba ya koya mini. In ya ce ƙas, ya bushe. In ya lotsa, a mayar wa mai shi. Har daga Tudun Jukun mutane ke kawo nasu in ciza musu. Haƙorin nan bai taɓa ba ni kunya ba.

Da yamma na yayyafa fiya-fiya, na cuɗa da hannu, na ɗaure. Ƙwari su nemi wani gidan.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ina tsakiyar kiran azahar murya ta sarƙe, tari ya turnuƙe ni, kuma a lasifika! Tun ina saurayi nake ladanci a masallacin unguwarmu, haka ba ta taɓa faruwa da ni ba. Ƙasimu tela ya yi wuf ya ƙarasa kiran. Wai taimako. Mutumin nan ya daɗe da sa ido a kan lasifikar nan.

Matata Rahama ta ce maganin ƙwarin da nake zuba wa wake ne. Matar nan ko akuya ce ta yi atishawa, maganin wake ne. Na ce mura ce, ta dafa mini citta da kanumfari tana mita.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Yawu ya cika baki, ido na ruwa, kai na sara. Citta ba ta yi ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Liman ya ja ni gefe. "Malam Aminu, ka ɗan huta, Ƙasimu ya riƙe maka kafin ka warware."

Na ce to. Me zan ce? Amma abin ya yi mini ciwo, ba ɓoyo. Wake sana'a ce kawai, kiran nan kuwa shi ne abin da nake fatan in tarar a can. Ina zaune a kan buhu na ji Ƙasimu yana jan kira kamar mai auna yadi. Muryar dai ba laifi. A nan kaɗai zan faɗi haka.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Sista Edna ta zo daga Wusasa sayen wake. Nas ce, tsohuwar abokiyar ciniki, ba ta raga wa kowa. Na kwance buhu, na ciji ƙwaya don ta ji ƙarar. Ta shinshina, ta ɓata fuska, ta ce in nuna mata kwalbar maganin.

"Malam, abin da ka zuba don ya kashe ƙwaro, shi kake taunawa?"

Na ce ai tofarwa nake. Ta buɗe mini ido da yatsa, a zaurena, ga mutane na wucewa. Ta ce baƙin idon ya tsuke. Wai maganin ta baki yake shiga, ta fata, ta hanci, kuma tun asali ba a yi shi don abinci ba. Ta ce in je asibiti gobe.

Ba ta sayi waken ba. "Jikokina ba za su ci wannan ba," in ji ta. Wannan maganar ta fi tarin ciwo. Gidaje nawa ne a birnin nan ke cin alala da wakena?

Rahama na bayan ƙyaure, duk ta ji. Da na shiga na tarar tana tuƙa tuwo tana waƙa.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na je, don dai Rahama ta bar ni in sha iska. Likita ya maimaita karatun Edna. Allura, ƙwayoyi, kuma kada in ƙara kusantar kwalbar. Na tambaye shi murya fa? Ya ce in sha Allahu, in na ji magana.

Talata, 18 ga Nuwamba

Malamin gona ya zo. Ya ce buhunan da na fesa a ware su a bar su na iri, kada su shiga tukunya. Ya kawo wani buhu mai leda biyu a ciki, wai in an ɗaure tam iska ba ta shiga, ƙwari su mutu da kansu. Na ce ma gani. Na karɓi kaɗan, gwaji kawai.

Rahama ta wanke zaure da sabulu, ta haɗa da hulata.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Na gwada murya a bayan gida wajen turken akuya. Kaji sun watse, amma muryar ta kusa dawowa.

Juma'a, 19 ga Disamba

Ni na kira la'asar. Tun daga farko har ƙarshe, ba ko gyaran murya. Da na ajiye lasifika sai na yi hamdala don murna.

Ƙasimu ya riƙe mini hannu. "Gara da ka dawo, Malam. Ɗinkin Kirsimeti ya taru mini, kullum a guje nake zuwa." Ashe mutumin kirki ne. Da ma ban ce ba shi ba ne.

Na dawo na tarar da wani baƙon manomi da buhu a bakin zaure, wai an ce masa ya kawo in ciza. Na ɗauki ƙwaya, na kai ta hanci, na aza ta a kan dakali na buga da dutse. Ta ce ƙas. Ya tsaya yana kallona.

Na ce masa haƙori ke damuna. Haƙori kam lafiyarsa ƙalau.