Baba a Bakin Ƙofar Jami'a

Belo Horizonte, 3 ga Fabrairu

Yaya Edvaldo,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Baba. Na ci jarrabawar karatun likita, a gurbin da aka ware wa baƙaƙe da 'yan ruwa biyu. Amma kwamitin duba fuska ya kalli bidiyona ya ce ban kai ba, wai hasken Mama ya rinjaya. Na ɗaukaka ƙara, za su gan ni ido da ido ran ashirin. Ko zama na kasa. Don Allah ka turo min Baba. In suka gan shi kusa da ni, magana ta ƙare.

Ƙanwarka,
Jucilene

Canavieiras, 9 ga Fabrairu

Juci,

Muna amsawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun ya fi sabawa da komar kamun kifi.

Na karanta wa Baba a bakin kwalekwale. Ya yi dariya ya ce, “Ashe baƙin nan yana da ranarsa.” Daga nan bai ƙara fita kamun kifi ba. Ya sayi farar riga, kullum sai ya gwada ta. Tun da Mama ta tafi da ke, yau ne kika fara neman sa, kuma ya san dalili, amma ko a fuska bai nuna ba.

Ɗan maƙwabciyarmu Dalva ya je gaban irin wannan kwamiti bara, ya ce ba a barin iyaye su shiga. Ban iya faɗa wa Baba ba. In ya sauka a tasha, ki fara neman albarkarsa kafin maganar kwamiti.

Yayanki,
Edvaldo

Belo Horizonte, 20 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Gaskiyar ɗan Dalva, sun hana shi shiga. Wata mata a kwamitin ta ce, “Fuskarki muke dubawa, ba danginki ba.” Mutum uku suka zuba min ido, hanci, gashi, leɓe, aka ce in juya gefe. Ɗaya ya yi rubutu, biyu ba su yi ba.

Da na fito, na tarar da Baba a rana. Mai gadi ya tambaye shi ko gyaran famfo ya zo. Ya ce a'a, 'yarsa ya kawo. Baba ya ɗaga haɓata ya daɗe yana kallo, ya ce, “Makafi ne? Ga hancin uwata nan.” Ya kawo garin rogo da busasshen kifi, na kasa ci. Sakamako sai Litinin.

Jucilene

Canavieiras, 23 ga Fabrairu

Juci,

Baba ya iso lafiya, yana gaishe ki. Ya kasa zama, daga gida zuwa bakin ruwa, daga bakin ruwa zuwa gida. Ya ce in tambaye ki, in sun ɗauke ki shi ke nan, ya san kin samu abin da kike nema. In kuma sun ƙi, ko zai iya sake zuwa ya gan ki haka nan?

Ki ba shi amsa kafin Litinin.

Yayanki,
Edvaldo