Kwana Goma Sha Tara Bayan Garanti

Litinin, 3 ga Maris

Ƙafafuna sun sake kumbura. Tun ƙarfe takwas nake tsaye a teburin karɓar ƙorafi. Shekara huɗu a kantin nan, aikin bai canza ba: in duba rasit, in duba kwanan wata, in ce a yi haƙuri.

Yau wata dattijuwa ta kawo na'urar wasan bidiyo, ta naɗe ta da tawul kamar jinjiri. Tsohuwar malamar makaranta ce, daga yadda ta jera takardunta ma an gane. Na'urar tana kamawa, ta ɗau zafi, ta mutu. Garanti ya ƙare kwana goma sha tara da suka wuce. Na faɗa mata. Ta ce, "'Yata, na'urar ma ta iya duba kalanda ne?"

Ban yi dariya ba. Manaja yana kallo.

Talata, 4 ga Maris

Ciwon kai. Babu abin rubutawa.

Laraba, 5 ga Maris

Malama ta dawo. Na ɗauka ta jikoki ce, ashe ta maigidanta ce. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi bara waccan, hannun dama ya ƙi. Masu yi masa gashi a asibiti suka ce ya riƙa motsa yatsu, shi kuwa ya tsani matsa ƙwallon roba. Sai 'yarsu da ke aiki nesa ta saya masa wannan. Tseren mota yake yi da 'yar ta intanet duk ranar da ba ta aiki. Wai babban yatsansa har ya fara lanƙwasuwa. Yanzu zama yake gaban talabijin a kashe.

Ni ban tambaye ta duk wannan ba. Ba na son sanin labarinsu, nauyi yake ƙara mini. Na karɓi na'urar na kai wa Baba mai gyara a ɗakin baya, don dai ta tafi.

Alhamis, 6 ga Maris

Baba ya buɗe ta, bai yi minti biyar ba ya ture tabaransa sama. "Ta bakwai ke nan." Wani ɗan ƙarfe ne kusa da fanka yake ƙonewa, duk a kayan da suka zo lokaci ɗaya. Ya ce ko a cikin firji aka ajiye ta sai ta ƙone.

Na sani. Abin da ya fi damuna ke nan. Akwai wasiƙar kamfani a aljihun teburin Manaja tun bara, ni ce ma na yi mata kwafi. Wasiƙar ta ce wanda ya rubuto ƙorafi a takarda, ko ya kai maganar hukumar kare haƙƙin masu saye, a canza masa. Wanda bai yi ba, a ce ya biya gyara. Mutum shida na sallama da bakina.

Asabar, 8 ga Maris

Na ba Yaya labari muna wanki. Ta ce, "Ke kika ƙera ta? Riƙe aikinki, ƙanwata. Wata nawa kika yi a zaune kafin ki samu wannan?" Sha ɗaya. A ɗakinta nake, abincinta nake ci. Ba ta yi ƙarya ba.

Talata, 11 ga Maris

Yau da maigidan ta zo. Dogo ne, da sanda, yana jan ƙafa. Babu kujera a wajenmu, sai kwalin injin wanki na jawo masa ya zauna. Magana tana yi masa wuya. Ya daɗe yana haɗa ta kafin ta fito: "Saura kaɗan... in wuce ta." 'Yar tasa yake nufi, a tsere.

Manaja ya fito da fara'arsa ta baƙi, yana ta yi musu Baba kaza, Mama kaza, ya ce zai yi musu ragi idan za su ɗauki sabuwa. Malama ta bar shi ya gama, sannan ta juyo gare ni. "'Yata, tsakaninki da Allah, babu wata hanya?"

Na ce babu.

Laraba, 12 ga Maris

Na dawo da abincin rana yadda na tafi da shi.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta zo ɗaukar na'urar. Manaja ya fita banki. Baba ya miƙo mini takardar bincike, na ga ya rubuta ainihin abin da ya gani, har da cewa laifin daga ƙira ne. Bai taɓa rubuta haka ba. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

Ban shirya ba, wallahi. Ina naɗe mata tawul ɗin sai na ji bakina yana cewa ƙarewar garanti ba ƙarewar haƙƙinta ba ne, kaya mai tsada irin wannan bai kamata ya mutu a shekara ɗaya ba. Na ce ta rubuto wasiƙa, ta kai kwafi hukuma tare da takardar Baba, ta kuma tambaya a rubuce guda nawa aka dawo da su. Na rubuta mata adireshin a bayan rasit.

Ta karanta, ta ninke. Abin da ta ce kawai, "Rubutunki yana da kyau. Wanda ya koyar da ke bai yi asara ba."

Alhamis, 20 ga Maris

Wasiƙar ta iso, da hatimin hukuma a sama. Shafi biyu, sakin layi mai lamba, ko waƙafi ba ta bari ba. Manaja ya karanta a tsaye, ya kira mu ofis. Wa ya ba ta wannan hasken? Baba ya ce shi dai abin da idonsa ya gani ya rubuta, in ana son ƙarya a nemo wani. Manaja ya daɗe yana kallona. Sai ya ce in koma bakin aiki.

Litinin, 24 ga Maris

An ba ta sabuwa. Manaja da kansa ya kai mata har bakin ƙofa. Ta wuce ta gaban teburina kamar ba ta taɓa ganina ba. Na gane dalili, amma ya ɗan yi mini zafi.

Daga gobe an mai da ni sito, jera kwalaye. Wai sauyin wurin aiki ne kawai. Yaya ta ce, "Ai na faɗa miki," sannan ta ƙara mini nama.

Laraba, 2 ga Afrilu

Sito ƙura, ba taga. Bayana ya karɓi ciwon daga ƙafa. Tsofaffin takardun gyara duk a nan ake zubar da su, ina share kanta na ci karo da na mutum shidan nan. Ba nema na yi ba. Kusan.

Da hutun rana na fita bayan kanti, na fara kiran lambobin wayar da ke takardun. Lambar farko a kashe. Ta biyu wani direba ne, ya ce na'urarsa tana nan ƙarƙashin gado, ya kasa jefarwa. Na gaya masa abin da zai yi, ya sa na maimaita yana rubutawa. Sai ya ce, "To, wace ce ke, baiwar Allah?"

Da na ce wata ce kawai, ya isa. Na faɗa masa sunana, da inda nake aiki.

Saura huɗu. Ban ce zan kira su ba.