Ƙorafi Kan Kukan Bel Ɗin Mota Mai Lamba Bakwai

Zuwa ga: Mai Girma Mudir (shugaban kamfani), Alhaji Rakan Abdulilah, Kamfanin Jigilar Masu Umara na Abdulilah da 'Ya'yansa, Kudai, Makka.

Daga: Saudat Hadi, mai girki a masaukin baƙi na kamfanin, mazauniyar unguwar Hindawiyya.

Kwanan wata: Lahadi, 3 ga Sha'aban 1446, daidai da 2 ga Fabrairu 2025.

Game da: Karɓe makullin mota daga hannun Malam Labaran Isiyaku, da shirin sallamarsa kan laifin da ba nasa ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Mudir yana lafiya tare da iyali, ina neman izini in gabatar da kuka a madadin mijina, Malam Labaran Isiyaku, direban mota mai lamba bakwai. An karɓe masa makulli, an kuma sanar da shi cewa ranar Alhamis mai zuwa, 7 ga Sha'aban, za a kawo wa Mudir takardarsa ta huruj, wato fita ta ƙarshe daga ƙasar nan, domin ya sa hannu. Na rubuta da Hausa don na san Mudir bai manta da harshen kakanninsa ba, ni kuwa Larabcina na cinikin albasa ne. Malam Labaran mutum ne wanda ko ƙafarsa aka taka shi zai fara ba da haƙuri, shi ya sa ni na ɗauki biro. Ga yadda abin ya faru:

1. Ranar Lahadi, 5 ga Rajab, da hantsi, motar ta fara kuka da an tayar da ita, wani siririn ihu kamar an taka wutsiyar mage, ya kuma ƙaru da aka kunna na'urar sanyi. Tagar kicin ɗina tana kallon filin motoci, saboda haka da kunnena na ji. Malam Labaran ya ga jar fitilar batir tana ƙyaftawa a gabansa, nan take ya gane bel ɗin da ke juya dinamo ne, wato abin da mu a gida muke kira altaneta, mai ɗura wa batir wuta. A ranar ya kai rahoto ga mai kula da motoci, Malam Abdulmuhaimin, ya nemi takardar zuwa warsha, wato garejin gyara, domin dokar kamfani ta hana a kai mota gyara ba da sa hannunsa ba.

2. Washegari Litinin, Malam Abdulmuhaimin ya fito da kansa ya duba. Ba na raina shi, ranka ya daɗe. Mutum ne mai zaƙin murya, idan yana yi wa baƙi jagorancin addu'a a ɗawafi har ƙwalla nake yi. Amma tsakaninsa da inji sai gaisuwa. Ya sa aka buɗe injin, ya yi bismillah, ya tsiyaya zamzam daga gorarsa a kan bel ɗin, kukan kuwa ya ɗauke ɗif. Baƙinmu na Damagaram su goma sha huɗu suna tsaye suna jiran a kai su Harami. Suka ɗauki kabbara, wasu suka ɗauki hoto da waya, kafin azahar labari ya isa Damagaram ya dawo. Malam Labaran yana tsaye da tsumma a hannu. Ya san kowane ruwa aka zuba wa bel mai irin wannan kuka zai yi shiru na ɗan lokaci. Amma yaya zai buɗe baki a gaban tsofaffin da suka sayar da awakinsu suka zo ɗakin Allah, ya ce musu ruwan famfo ma zai yi haka? Sai ya ce amin tare da kowa, ya rufe injin. Kafin su fita daga Kudai kukan ya dawo, amma a lokacin talbiyya ta cika motar, shi kaɗai ya ji.

3. Daga ranar aka mayar da abin al'ada. Kullum safiya sai an shayar da mota mai lamba bakwai kafin ta fita, takardar warsha kuwa shiru. Ranar 11 ga Rajab batir ya mutu, aka sa sabo. Ranar 19 ga wata sabon ma ya bi ɗan'uwansa, aka sake sa wani. Malam Abdulmuhaimin ya rubuta a rahotonsa cewa direba ne yake barin rediyo a kunne, yana kuma bari baƙi su yi cajin wayoyinsu. Ina shaida wa Mudir cewa rediyon motar nan ya daina magana tun aikin hajjin bara. Ko da yana yi ma, mijina ba ya sauraron komai sai ƙarar inji, ni kaina na sha yi masa ƙorafin haka a gida.

4. Ranar 20 ga Rajab Malam Labaran ya yi ta maza, ya keɓe Malam Abdulmuhaimin a bayan ofis, ya gaya masa cikin ladabi cewa bel ɗin zamewa yake yi, dinamo ba ya samun juyin da zai cika batir, kuma ruwan da ake tsiyayawa yana shiga cikin dinamon. Amsar da ya samu ita ce ya je ya gyara imaninsa. Wannan kalma ta yi masa zafi ƙwarai, kwana biyu bai taɓa tuwo ba. Mutumin da yake ɗauko mini zamzam a kafaɗa tun daga bakin titi har hawa na uku, wanda in ɗigo ya zuba a ƙasa sai ya shafa ya goga a fuska, shi ne yau ake cewa yana raina zamzam.

5. Na amsa laifi ɗaya, kuma nawa ne ni kaɗai. Ranar 22 ga wata na riga Malam Abdulmuhaimin fitowa, na ɗebo ruwan famfon kicin a kofin awon shinkafa, na tsare mijina sai da ya buɗe injin, na zuba. Kukan ya ɗauke. Na duba agogon waya, bayan minti biyu ya dawo. Da Malam Abdulmuhaimin ya zo ya zuba nasa, na sake dubawa ta taga, minti biyu cif. Zamzam waraka ce ga bayin Allah, da wannan imani zan mutu. Amma noti da ya kwance sifana yake so.

6. Ranar Juma'a, 24 ga Rajab, abin da ake gudu ya faru. Motar ta ɗauki dattawa mata goma sha uku za ta kai su sallar Juma'a, fitilun gaban direba suka dushe, na'urar sanyi ta tsaya, motar ta mutu a tsakiyar cunkoso kafin a kai bakin titin nan na cikin rami da ke shiga wajen Harami. Malam Labaran ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, ya zaunar da su a inuwar gada, ya tare musu tasi huɗu, ta ƙarshen ma sai da ya goya wata Hajiya Mairama zuwa ƙofar tasin saboda ciwon gwiwa. Duk da haka shida daga cikinsu sun rasa sallar, kuma ita ce Juma'arsu ta ƙarshe kafin su koma gida. Wannan ya fi komai cin ransa. Da yamma aka karɓi makulli a gaban sauran direbobi, ba a ko tambaye shi ba'asi ba.

7. Motar tana nan a fili inda aka jawo ta. Ranar Talata, 28 ga Rajab, na roƙi Malam Abdulwasi'u, mutumin Maraɗi mai gyaran wutar mota a nan Kudai, ya zo ya duba don zumunci. Ya tayar da ita da batirinsa, ya ɗora ma'auni. Ya ce mota mai lafiya in tana aiki wutarta kan kai kusan sha huɗu, wannan kuwa sha biyu take nunawa, tana ma raguwa. Ya nuna mini da yatsa: notin da ke riƙe dinamo ya fita, dinamon ya karkace, bel ɗin yana tafiya a gicciye har cikinsa ya yi sulɓi kamar gindin tsohon faranti. Cikin dinamon kuma ya yi tsatsa saboda wankan kullum. Ya ce a ranar farko aikin rabin awa ne, kuma a shirye yake ya maimaita wannan bayani a gaban kowa.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon Mudir abubuwa kamar haka. Na farko, kada ya sa hannu a takardar nan sai ya sauko fili da kansa, ko ya aiko wanda ya yarda da shi, an ɗora ma'auni a gabansa. Na biyu, a ba direbobi izinin kai mota warsha da zarar fitilar batir ta kama, ba sai sun jira takarda ba. Na uku, a mayar wa Malam Labaran makullinsa a gaban mutanen da aka karɓe shi a gabansu. Ba na neman a wulaƙanta Malam Abdulmuhaimin. A bar shi da jagorancin baƙi, inda Allah ya yi masa baiwa, a nemo wa motoci wani.

Mijina bai san na rubuta wannan ba, in ya sani zai ce na tona masa asiri. Shi ya riga ya sallama. Ya ɗaure jakarsa, ya raba wa abokan aikinsa sifanunsa, jiya kuma ya tafi Harami a ƙafa ya zauna yana kallon Ka'aba tun la'asar har magariba, ya dawo yana ce mini wai ƙura ce ta shiga idonsa. Shekara goma sha ɗaya yana kai mutane ƙofar ɗakin nan, bai taɓa goge wa motar kamfani ko fenti ba.

Idan bayan duk wannan Mudir ya ga sai ya tafi, to hukuncin Mudir ne, ba mu da ja. Sai dai ina roƙon a rubuta takardar ta zama biyu. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, tana da sauran wata tara, ba a kuma taɓa kawo ƙarar girkina ba, amma tare muka zo, kuma ba zan tsaya a tagar nan ina kallon wani yana tayar da motarsa ba.

Allah ya ƙara wa Mudir lafiya da adalci, ya sa ya gama da duniya lafiya.

Mai biyayya gare ku,

Saudat Hadi
Kicin ɗin masaukin baƙi, Kudai