Kwalba ta Arba'in da Bakwai

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da kwalabenki.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ciwon cikin Baba da muka shekara muna kira olsa, ba olsa ba ne. Likita ya zura masa kyamara, ya ciro ɗan nama, sakamako ya ce kansar ciki ce, har ta taɓa hanta. Ya rame sosai. Jiya na tarar da shi kan kekensa na ɗinki yana rage ƙugun wandonsa, karo na uku ke nan. Duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya ce masa, “Ai 'yata a kan wannan ciwon take bincike.” Ki taho.

Yayanki.

Yaya,

Na gaishe ka, na gaida Inna.

Ka tuna bara da na zo hutu na ɗebi jinin Baba, yana tsokanata wai kar in ƙarar da shi? A wurin aikinmu muna auna yadda wata ƙwayar gado ke aiki a cikin jini. Muna zaton a jikin mai kansar ciki takan yi sama sosai tun kafin ciwon ya bayyana. Sai mun kwatanta da jinin masu lafiya, shi ya sa na sa nasa a cikinsu.

Mu da lamba muke aiki, sunaye suna kulle a wani littafi. Kwalba ta arba'in da bakwai ta fito sama kamar ta marasa lafiya. Na maimaita, haka ta sake fitowa. Na ce ai a rukunin masu lafiya take, ƙila ta gurɓace. Na ja mata layi da jan biro, na cire ta daga lissafi, na tafi cin abincin rana.

Da wasiƙarka ta zo na roƙi a buɗe min littafin. Yaya, Baba ne. Wata goma sha ɗaya ke nan. Da wane ido zan kalle shi? Don Allah kar ka faɗa masa.

Ƙanwarka.

Auta,

Muna gaishe ki. Na ji haushinki ƙwarai, kwana biyu ban iya cin abinci ba. Amma ni ma wata nawa na yi ina sayo masa maganin olsa a kemis? Ki bar kallon kwalba ki zo ki kalli mahaifinki. Ko motsin labule ya ji sai ya tambaya ko ke ce.

Yayanki.

Auta,

Allah ya ba mu haƙuri. Baba ya rasu ranar Talata da hantsi. Tikitin da kika ce kin saya na Alhamis ne.

Ban riƙe miki amana ba. Ya ga wasiƙarki a aljihuna, ya sa na karanta masa. Da na gama sai ya ce, “Wato tun bara abin nata ya gano ni?” Na ce e. Wallahi dariya ya yi har da tari, ya ce, “Ashe yana aiki! Inna, kin ji yarinyar nan?”

Ya bar miki saƙo: ki goge jan layin, ki mayar da shi cikin marasa lafiya, kar aikinki ya tafi da gyara.

Sai kin iso.

Yayanki.